Shin jerin sakamakon jarrabawa ya isa a kwatanta makarantun ƙaramin yanki?

Mahaifin ɗalibi:
Assalamu alaikum. Makarantun gwamnati huɗu ne kacal a yankinmu, kuma da aka fitar da sakamakon jarrabawar bana, wadda ta zo ta ɗaya bara ita ce ta koma ta ƙarshe, alhali malamanta ba su canza ba, shugabanta ma shi ne dai. Shin wannan jeri abin dogaro ne ga mai zaɓa wa ɗansa makaranta?

Malamar lissafi:
Wa alaikumus salam. Malam, ka fara binciken yawan ɗaliban da suka zauna jarrabawar a kowace makaranta. Idan su 20 ne, kowane yaro yana ɗauke da kashi 5 cikin 100, don haka yara uku da rashin lafiya ta kayar a makon jarrabawa sun isa su rage wa makarantar kashi 15. Inda ɗalibai suka kai 200 kuwa, waɗannan ukun ba za su wuce kashi ɗaya da rabi ba. Shi ya sa ƙananan makarantu suke yawan fitowa a saman jeri, su kuma yawan fitowa a ƙasansa. Ka haɗa sakamakon shekara uku a jere kafin ka yanke hukunci.

Tsohon shugaban makaranta:
Maganar Malama haka take, sai dai ko an haɗa na shekara goma, jerin ba ya nuna matakin da yara suka shigo da shi. Makarantar da ta karɓi yaran da ba su iya karatu ba ta kai su matsakaicin mataki, a ganina ta fi aiki a kan wadda ta karɓi haziƙai ta bar su yadda ta same su. Saboda haka ne a 2016 Ingila ta fara amfani da ma'aunin Progress 8, wanda yake kwatanta sakamakon ɗalibi a ƙarshen sakandare da na takwarorinsa da suka gama firamare da maki irin nasa. Ka kuma tambayi adadin waɗanda aka yi wa rajista amma ba su zauna ba, domin na san inda ake lallashin masu rauni su zauna a gida ranar jarrabawa, sakamako ya yi kyau a takarda.

Mahaifin ɗalibi:
Na gode muku, Malam da Malama. Zan nemi adadin waɗanda suka zauna da na waɗanda aka yi wa rajista a ofishin ilimi na yankin.