Nauyin ƙirji a filin ƙwallo bayan shekara 40: wane gwaji ya kamata a yi?

Baban Khalifa

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana da ke wannan zaure. Shekaruna 48, ba na shan sigari, ba ni da tumbi, kuma har yanzu duk Asabar da Lahadi bayan sallar asuba ina buga ƙwallo da tsararrakina. A 'yan makonnin nan, idan na ɗauki gudu sai in ji nauyi a tsakiyar ƙirji kamar an danne ni, wani lokaci har ya gangaro kafaɗar hagu, amma da zarar na tsaya na huta sai ya wuce. Mai kemis ɗin unguwarmu ya ce olsa ce, ya ba ni maganin ruwa. Abin da ya hana ni sakin jiki shi ne mahaifina, wanda ya yanke jiki ya faɗi a gona yana da shekara 52, ba a ma kai ga asibiti ba. Shin mai motsa jiki irina zai iya samun bugun zuciya? Idan na je asibiti, me zan ce a gwada mini?

Tsohon Gola

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan baba da rahama. Baban Khalifa, wa ya kai Samuel Okwaraji ƙarfi lokacin da ya faɗi ya rasu a filin wasa na Legas a 1989 Najeriya tana karawa da Angola? Haka Marc-Vivien Foé na Kamaru ya faɗi a birnin Lyon na Faransa a 2003. Stephen Keshi da Shuaibu Amodu kuwa, tsofaffin masu horar da 'yan wasan Najeriya, a cikin Yunin 2016 suka rasu, kwanaki kaɗan tsakani, dukkansu ba su kai 60 ba. Ra'ayina shi ne, wanda ya haura 40 ya rataye takalmin ƙwallo, ya koma tattaki.

Likitan Manya

Malam Baban Khalifa, kafin komai: kada ka shiga fili wannan Asabar ɗin, kuma ka ga likita yau ko gobe, ba sai ƙarshen wata ba. Nauyin ƙirjin da ke zuwa da gudu ya kuma lafa da hutu shi ne sanannen gargaɗin cewa jini ba ya isar tsokar zuciya yadda ya kamata, domin jijiyoyin da ke ciyar da ita sun tsuke saboda kitsen da ya daɗe yana taruwa a bangonsu. Idan wannan kitse ya tsage, jini ya daskare a kansa, hanyar ta toshe gaba ɗaya, to shi ne bugun zuciya, kuma daga wannan lokaci tsokar take fara mutuwa. Zafin olsa ya fi bin yunwa ko abinci. Ba ya jiran sai mutum ya bi ƙwallo.

Misalan da Tsohon Gola ya kawo suna buƙatar rarrabewa. Okwaraji da Foé ba su kai 30 ba, kuma a irin shekarunsu matsalar ta fi fitowa daga ita kanta tsokar zuciyar, kamar kaurin da aka samu a zuciyar Foé. Daga shekara 35 zuwa sama kuwa toshewar jijiya ce kan gaba. Wanda labarinsa ya fi kama da naka shi ne Jim Fixx, mutumin da ya yaɗa gudun motsa jiki a Amurka, ya kuma mutu yana cikin gudu a 1984 yana da shekara 52. Bincike ya nuna jijiyoyin zuciyarsa sun toshe, mahaifinsa kuma da ciwon zuciya ya rasu yana da 43. Motsa jiki yana rage haɗari ƙwarai, amma ba ya goge gado. Duk wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya samu ciwon zuciya kafin shekara 55, ko mahaifiyarsa kafin 65, dole ya faɗa wa likita.

Za a auna hawan jini, wanda idan ya tsaya a 140/90 ko sama a awo daban-daban ya zama ciwo ko da mutum bai ji komai ba. Za a gwada suga da kitsen jini da lafiyar ƙoda, sannan a yi ECG, wato gwajin da ake liƙa wayoyi a ƙirji don ganin yadda zuciya ke harbawa. A nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa: ECG da aka yi mutum yana kwance zai iya fitowa lafiya ƙalau alhali jijiya ta tsuke, saboda haka kada ka karɓi takardar ka koma fili. Mai alamu irin naka yana buƙatar likitan zuciya, wanda zai yanke ko a yi hoton zuciya, ko gwajin tafiya a kan na'ura, ko a duba jijiyoyin kai tsaye.

Ban yarda a ce kowa ya bar wasa don ya kai 40 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako. Abin da nake tsoro shi ne mutumin da ke wuni a kujera Litinin zuwa Juma'a, ranar Asabar ya yi gudun ɗan shekara 20, alhali bai taɓa sanin awon jininsa ba.

Maman Sadiya, ma'aikaciyar jinya

Abin da Dakta ya faɗa ya wadatar, sai dai zan ƙara abin da muke gani a ɗakin gaggawa. Magidanci zai fara jin ciwo tun la'asar, ya ɓoye wa uwargida, ya sha kanwa, ya aika a kira mai ƙarin ruwa, sai tsakar dare a shigo da shi rigarsa sharkaf da gumi mai sanyi. Idan nauyin ƙirji ya ɗauki mintoci bai sake ba, ko ya zo mutum yana zaune, ko ya haɗu da gumi, tashin zuciya, sarƙewar numfashi, ko ciwon da ke hawa wuya da muƙamuƙi, a nufi babban asibiti nan take, kuma kada shi ya tuƙa motar. Zai iya tauna asfirin miligiram 300 idan jikinsa bai saba ƙin sa ba kuma ba ya zubar jini a ciki. Masu ciwon suga su kula, domin nasu yakan zo ba zafi sosai.

Ku 'yan ƙwallo, idan wani ya faɗi ba ya numfashi, ba ruwa ko albasa yake buƙata ba. A kwantar da shi rigingine, a danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa. Da irin wannan danna da na'urar farfaɗo da zuciya aka ceto Christian Eriksen na Denmark a 2021. Sannan duk mai shan maganin ƙarfin maza ya faɗa wa likita ba kunya, domin haɗa shi da wasu magungunan ciwon ƙirji yana sa awon jini ya faɗi ƙasa sosai har ya kai ga halaka.

Baban Khalifa

Na gode, Allah ya saka da alheri. Gobe zan je in sha Allah. Dakta, in karya kumallo kafin in fita?

Likitan Manya

Kada ka ci komai na awa 8 zuwa 12 saboda gwajin suga da kitse, amma ruwa ba laifi. Ka bar goro da shayi har a gama awon jini, ka tafi da duk maganin da kake sha, har na gargajiya da na ciwon jiki. Idan ciwon ya taso cikin daren nan, kada ka jira gari ya waye.