Shirin neman aiki a kamfanonin da ke ɗaukar sabbin masu digiri su horar da su: wai banza ne?

Mai Jiran Kira: Jama'a, ku bar ni in amayar da abin da ke cina. Na shafe watanni ina atisayen jarrabawar gwajin basira, lissafi da fahimtar rubutu da gano tsarin zane-zane. Na gyara CV, na cike fom, sai ga saƙo wai ba a ɗauke ni ba, ko inda na gaza ba a faɗa mini ba. Wallahi shirin nan banza ne. In ba ka da kowa a ciki, ka haƙura kawai.

Yaya Babba: Ƙanena, Allah Ya zaɓa maka mafi alheri, amma ka janye kalmar banza. Jarrabawar nan kwamfuta ce ke duba ta tana ba da maki, ba ta san ɗan kowa ba. Kuma da makin sauran masu nema ake auna naka, shi ya sa za ka ga ka yi ƙoƙari amma wasu sun sha gabanka. Tambaya ɗaya, sau da yawa minti ɗaya ko ɗan fiye ke gare ka. Wanda bai saba da agogo ba, nan yake faɗuwa.

Gaskiya Ɗaci: Banza ne mana! Shi da ya wahala shi ya san sunan da zai sa wa wahalarsa.

Yaya Babba: Abin da bai biya buƙata yau ba daban, banza daban.

Gaskiya Ɗaci: Dole ka faɗi haka, ai kai ke tallan tsofaffin tambayoyi a nan.

Yaya Babba: Kyauta na raba su, Allah ne shaida. Kawo mutum ɗaya da na karɓi kuɗinsa.

'Yar Ajin Bara: Don Allah ku dakata. Ni na kai matakin da ake tara mutane a ba su matsala ɗaya su warware tare, masu tantancewa na zaune suna rubutu. Wanda ya fi kowa surutu a rukuninmu bai wuce ba. Suna duba wa ke sauraro, wa ke jawo wanda ya yi shiru, wa ke lura da lokaci. A ganawar ƙarshe kuma ba sa son "ni mai ƙwazo ce". Labari suke so: halin da aka shiga, me aka ɗora miki, me kika yi, me ya biyo baya. Ba a koyon wannan a dare ɗaya.

Mai 2:2: Ku da aka bari kuka shiga ɗakin ke nan. Mu tun a fom ake tsame mu, an ce sai mai digiri mai darajar 2:1, namu kuwa 2:2 ne da ke ƙasa da shi, ga ƙayyade shekaru. Shirin me zan yi wa shekaruna?

Gaskiya Ɗaci: Yawwa! Ka ji banzan da ake faɗa.

'Yar Ajin Bara: Malam, ba duk kamfani ke sa wannan sharaɗin ba, ka riƙa karanta sanarwa har ƙarshe.

Mai 2:2: Hajiya, na iya karatu, na gode.

Mai Kula da Zaure: To, a taƙaice dai kowa ya yarda shiri ne ke kai mutum, kamar yadda Yaya Babba ya yi bayani tun farko. Sauran maganganun ɓacin rai ne, muna musu uzuri.

Gaskiya Ɗaci: Kowa wa? Ni ban yarda ba, kuma har yanzu ba wanda ya gaya wa bawan Allahn nan a ina ya faɗi.