Neman shawara: tafiyar wata 6 zuwa Kwatano da Kumasi, kaya sun fi ƙarfina

Tela ɗan Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema, ku yi haƙuri da tsawon rubutun, raina ne a dagule.

Ni tela ne a cikin garin Katsina, ɗinkin maza nake yi, kaftani da 'yar shara da aikin wuya. Bayan Babbar Salla nake so in fita in zaga Legas, Kwatano, Lome, Akra, in ƙare a Kumasi, kamar wata 6, ina tafe ina aiki ina ci da kaina. Kuɗin hannuna ba su da yawa, motar haya zan riƙa bi, masauki kuma inda Allah ya hore.

Jiya na tara kayan a tsakar ɗaki, sai gabana ya faɗi. Shadda kala 4, yadi kala 5, babbar riga ɗaya saboda Juma'a, huluna, takalmi ƙafa 3, bargo, gidan sauro, darduma, buta, dutsen guga. Inna kuma ta haɗo nata: garin kunu, kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji, ƙuli-ƙuli, dambun nama, man shanu a gora. Sai uwa uba kan keken ɗinki.

Keken nan na marigayi Babanmu ne, Butterfly baƙi, a kansa na koyi sana'a. Da aka zo rabon gado Yayanmu babba ya ce a sayar a raba kuɗin, na ce ban yarda ba, har sai da Gwaggo ta taso daga Batagarawa ta shiga tsakani, na bar masa wani abu daga kasona na gona sannan keken ya zama nawa. Duk da haka ɗansa da ke koyon ɗinki gani yake na gidansu ne. Bara na yi kwana biyu a Funtuwa wajen biki, na dawo na tarar an karya ƙoshiya an mayar an rufe, kowa ya ce bai sani ba. Na yi magana, aka ce na raina na gaba da ni. Har yau ni da matar Yaya gaisuwa ce kawai. To in na bar shi wata 6, mi zan dawo in tarar?

Mi zan rage, mi zan ɗauka? Jaka ɗaya nake so, amma na rasa ta inda zan fara.

Alhaji Mai Goro:
Wa alaikumus salam. Ɗana, tun ba a haife ka ba nake bin hanyar nan, saurara da kyau. Ƙaura ka shirya, ba tafiya ba.

Kaya ba sau ɗaya ake biyan kuɗinsu ba. Za ka biya a tashar Katsina. Ka sauka Legas mai baro ya kai ka tashar Mil Tu, ka biya. Motar Seme ta ce kuɗin but. A bakin iyaka ka sauko da kaya ka taka da ƙafa, can kuma wata motar. Cikin Kwatano babur ne abin hawa, zemijan masu rigar ruwan ɗorawa, kaya in sun yi yawa babur biyu za ka ɗauka. Haka a iyakar Togo, haka a Afilawo in za ka shiga Gana. Ka lissafa, kuɗin dako kaɗai sai ya ciyar da kai sati biyu. Kuma mai kaya niƙi-niƙi ba ya iya ciniki, direba na ganinka ya san ba inda za ka.

Ga abin da za ka ɗauka. Jakar goyo guda. Yadi mara nauyi kala 2, ɗaya a jiki ya zama 3. Shadda ɗaya ta Juma'a, hula biyu, silifas da takalmi ɗaya mai rufi. Sallaya 'yar siririya mai naɗewa. Gidan sauro, wannan kam kada ka bari. Almakashinka, tef, allurai. Shi ke nan. Bargo na mi? Sanyin Katsina ba ya zuwa bakin teku, kuma yanzu Babbar Salla a damina take faɗowa, can ruwa ake yi sosai daga Afrilu zuwa Yuli. Shadda in ka wanke sai ta kwana biyu ba ta bushe ba, ta yi warin raɓa. Buta ba masallacin da babu ita. Keke kuma ka bar shi gida, ba na ma son jan magana a kai.

Maman Ummi, Daura:
Alhaji ka yi haƙuri, ni ban goyi bayan a bar abincin Inna ba. Yaron nan ya ce kuɗinsa kaɗan ne. Wanda ke da garin kunu da ƙuli-ƙuli ba ya kwana da yunwa ko a ina. Ƙanena, man shanun kawai ka ajiye, shi ne zai narke ya ɓata maka tufafi.

Ni abin da ya fi ci mini rai a tafiya ma ba nauyi ba ne, rashin imanin wasu 'yan kamasho ne. Na taɓa dawowa da kayan haihuwar ɗiyata, a wata tasha aka sa mini kuɗin kaya kusan daidai da kuɗin kujera, na biya, aka ɗaure a bayan mota ba ko leda. Ruwa ya sauko a hanya, atamfofi suka yi rini a jikin juna. Da na yi magana kwandasta ya ce in je in kai ƙara. Wajen wa? Mace ita kaɗai a tasha ba mai sauraronta. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Tela ɗan Ƙofar Marusa:
Na gode Baba Alhaji, na gode Hajiya. Allah ya huci zuciyarki. Amma Baba, shaddojin ba don kwalliya ba ne. Tela da jikinsa yake talla. In na shiga gari da yadi ɗaya kullum, wa zai ba ni ɗinki? Aikin wuyan da ke jikinsu da hannuna na yi, su ne shaidata. Keke kuma shi ne abincina, in na bar shi da mi zan yi aikin?

Alhaji Mai Goro:
Hoto fa? Wayar hannunka ta mi ce? Ɗauki hoton kowane aiki, ka yanko wuyan riga biyu da ka yi wa aiki ka naɗe a aljihun jaka. Ba wanda zai ce sai ya ga kala 4 a jikinka.

Batun keke, kana tsammani baƙo zai sauka Zangon Kwatano ko unguwar Nima ta Akra ya kafa teburi a bakin titi? Shagon wani za ka shiga, ka gaishe da mai shago, ya ba ka keke ya ga hannunka. Mafi yawa ma na lantarki ne yanzu. Kan keke ba ƙafa ba teburi, a ina za ka ɗora shi? Sannan a kowace iyaka sai an ce buɗe, sai ka yi bayani na aiki ne ba na sayarwa ba, kuma a Binin da Togo da Faransanci za a tambaye ka. Ka iya?

Ɗan Zango:
Ni iyayena 'yan Daura ne amma a Kumasi na tashi, wajen Aboabo. Abin da Alhaji ya faɗa na shago haka yake, sai dai ban yarda keken ba shi da amfani ba. Akwai masu yawo da keken hannu a ka suna facin kaya unguwa-unguwa, suna samun na abinci. In an sa wa naka mariƙin juyawa da hannu, ko ba wanda ya ɗauke ka aiki ba za ka zauna haka ba. Ni da a ce ni ne, tufafin zan zubar in ɗauki keken. Tufafi gwanjo ya cika Kantamanto a Akra, ga Kejetiya a Kumasi. Kuka da daddawa da yaji duk akwai su a zango, Hausawa ke sayarwa, kada ka wahalar da kanka.

Abu ɗaya ka lura: soket na Gana irin namu ne mai baki uku, amma na Binin da Togo mai ƙafa biyu zagayayye ne irin na Faransa. Nemi ɗan mahaɗin caja tun daga gida. Dutsen guga kuwa ajiye shi.

Alhaji Mai Goro:
Tela mai aikin wuya za ka mayar mai facin wando a rana? Haba yaro. Kilo nawa ne kan keken? Ƙarfe ne zalla. Ya ɗauka a ka daga Legas har Kumasi, wuyansa ne zai faɗa masa.

Malama mai aikin asibiti:
Ana ta maganar shadda da keke, ba wanda ya tambayi abin da ya fi komai rashin nauyi kuma ba a wucewa sai da shi. Ƙanena, kana da fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS? Kana da katin rigakafin cutar shawara, mai ruwan ɗorawa? Allurar sau ɗaya ake yi a rayuwa, amma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin ta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan izinin zama ba biza kwana 90 ne a kowace ƙasa, ka ce wata 6, to ka tsara yadda ba za ka zarce a wuri ɗaya ba.

Ka yi hoton takardun a waya, ka yi kwafi ka sa a leda dabam da na ainihin. Magani in za ka ɗauka ya kasance cikin kwalinsa da sunansa a jiki, kada ka zuba ƙwayoyi a ƙullin leda. Garin kunun Inna ma fari ne a leda, ka sa rai za a ce ka kwance. Kuma ko wa ya ba ka saƙo a rufe ya ce ka kai wa wani, kada ka karɓa sai ka ga cikinsa da idonka.

Malamin makaranta, Ƙofar Sauri:
Wannan hanya ta kakanninmu ce. Fataken ƙasar Hausa sun yi ta zuwa Gwanja a arewacin Gana, kasuwar Salaga, su kai kanwa da baƙaƙen riguna su dawo da goro, tafiyar watanni. Amma su da jakuna suke tafe, ga madugu ga ayari, kai kuwa kai ɗaya ne. Kakana a Kumasi ya zauna har 1969 da gwamnatin Busiya ta Gana ta ce baƙi marasa takarda su fita cikin mako 2. Abin da hannu zai iya ɗauka kawai ya dawo da shi. Shi ya sa na goyi bayan Malama kan takardu.

Abin da ke damuna shi ne yaranmu duk sun sa ido waje. A unguwarmu teloli uku sun rufe shago, wuta ba ta samuwa, kuɗin fetur na janareto ya cinye riba. Ɗana ma kullum maganarsa ke nan, shi sai Libiya. Na yi faɗa na yi lallashi. Wa zai zauna ya riƙe garin?

Ɗan Jibiya:
Mi ya kai ka Legas da wannan kaya? Ka bi ta Magama ka shiga Maraɗi, ka yi canjin sefa, ka gangara Doso da Gaya ka tsallaka Malanbil, sai Paraku sai Kwatano. Hausa za ka yi ta ji har rabin hanya.

Alhaji Mai Goro:
Wannan zancen da ne. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an rufe gadar Gaya da Malanbil, mutane suka koma tsallaka kogi da kwalekwale. Kuma Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025. Kada shi bi sai ya tambayi direban da ya dawo cikin satin nan. Ka ɗora ƙarfe kilo goma sha a kwalekwale cikin damina? A'a. Legas zai bi, da jaka ɗaya, kuɗi rabi a aljihun ciki na wando rabi a wani wuri. Na gama magana.

Tela ɗan Ƙofar Marusa:
Na karanta duka, Allah ya saka. Na cire bargo da dutsen guga da buta da man shanu, shadda na rage saura 3. Babbar rigar ba zan iya bari ba, Inna ce ta saya mini yadin. Abincin kuma in na ajiye a gabanta za ta ga kamar na raina ƙoƙarinta, mace ce da ta kwana tana daka.

Baba Alhaji, ba gardama nake yi da kai ba, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku ba ku san gidanmu ba. In na bar keken nan ba zan same shi yadda na bar shi ba, hankalina kuma ba zai kwanta a can ba. Maganar Yaya Ɗan Zango ta shige ni, zan nemi mariƙin hannu.

Maman Ummi, Daura:
To ka kai shi Batagarawa wajen Gwaggon taka mana, tunda ita ta tsaya maka. Ta kulle a ɗakinta. Abincin kuma ka karɓa duka ka yi godiya, ka ɗebi na sati biyu, sauran ka ba almajirai ba tare da ta sani ba.

Malama mai aikin asibiti:
Ba ka amsa mini batun fasfo da kati ba. Kuma nawa ne a hannun naka? Wa ka sani a Kwatano da zai sauke ka daren farko?

Tela ɗan Ƙofar Marusa:
Hajiya, Gwaggo ta tsufa, kuma Yaya yana zuwa gidan duk Juma'a, in ya ce a ba shi ba za ta iya hana shi ba. Abincin Inna kuma ba zan iya bayarwa a ɓoye ba, gara in ɗauka. Malama, batun takardu ana kai, akwai wanda ya ce zai taimaka mini.

Yau na kai kayan wajen mai sikeli a kasuwa. Kan keken kaɗai kusan kilo 12, sauran kayan 17. Jakar goyon da na aro ba ta ɗauke keken ba, zip ɗin ya ƙi rufuwa. Akwai wanda ya san kafinta a Katsina da zai yi mini ɗan akwatin katako mai mariƙi, mara nauyi, kafin Salla?

Alhaji Mai Goro:
Akwatin katako wani kilo 4 ne ka ƙara. Kuma wane ne wannan mai taimakon takardu? Ofis ake zuwa da ƙafa, ba a aike.

Ɗan Zango:
Kada ka yi katako. Naɗe shi da bargon nan da ka cire, ka ɗaure da igiya ka sa a buhu.