Ina aka rubuta sunayen sojojinmu da suka mutu a yaƙin Bama?

Jikan Hajja: Assalamu alaikum. Wan kakata an ɗauke shi soja daga ƙauyenmu a ƙasar Zazzau, ya tafi yaƙin Bama (ƙasar da yanzu ake kira Myanmar) a 1943, bai dawo ba. Har Allah ya yi mata rasuwa, duk watan azumi sai ta soya ƙosai ta yi masa sadaka. Abin da ya rage mana wata tsohuwar takarda ce mai lamba a jiki, gara ta ci gefenta. Bara na je gidan tarihin yaƙi na Umuahia, na ga jirage da motocin yaƙin basasa, amma ba su nake nema ba. Don Allah akwai inda aka rubuta sunayensu?

Tsohon Malami: Wa alaikumus salam, ɗana. Adana takardar nan kamar idonka, lambar ita ce za ta kai ka. Sojojinmu na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a kwarin Kaladan da Arakan, suka karɓe garin Myohaung a Janairun 1945. Shi ya sa muke da barikin Chindit a Zariya da na Dalet a Kaduna, duk daga yaƙin Bama aka samo sunayen. A maƙabartar Taukkyan, arewa da birnin Yangon na ƙasar Bama, akwai ginshiƙai masu ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, da namu a ciki. Hukumar kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel ta sa sunayen a intanet. Sai dai Turawa kan rubuta mutum da sunan garinsu, irin su Musa Kano ko Garba Sakkwato, kuma yadda kunnensu ya ji. In ka nema da suna kaɗai za ka sha wuya.

Ɗan Zongo: Ni a Kumasi nake. Tsohuwar ganuwar Turawa ta nan ita ce gidan tarihin sojan Gana, akwai bindigogi da hotuna na yaƙin Habasha da na Bama. Na daɗe tsaye gaban hotunan, fuskokin kamar na dattawan unguwarmu. Allah ya jiƙan mazan jiya.

Jikan Hajja: Amin. Na gode, Baba. Takardar tana wajen gwaggona a Sabon Gari, ran Asabar zan je in kwafo lambar.