Atisayen tasha-tasha ga yaran makaranta, da gaske yana ƙara musu ƙarfi?

Malamin_wasanni:
Assalamu alaikum jama'a. Ni nake kula da wasanni a wata makarantar sakandare a Zariya, yaran 'yan shekara 12 zuwa 15 ne, kuma saura kamar wata biyu intahaus, wato gasar wasanni tsakanin gidajen makaranta. Kullum zagaya fili kawai nake sa su sai su gaji, wani abokina ya ce in koma yi musu sakit tirenin, wato a jera tashoshi yaro ya yi wannan ya wuce na gaba. Zai ƙara musu gudu kuwa? Sannan mahaifin wani yaro ya ce min wai irin wannan yana hana yaro tsayi, abin ya tsaya min a rai wallahi.

Koci_Kano:
Wa alaikumussalam Malam. Abin ba sabo ba ne, tun 1953 aka tsara shi a jami'ar Leeds ta Ingila. Ni tasha 8 nake yi: tsallen igiya, tsugunna-tashi, firesof (kifa ciki a riƙa ɗaga jiki da hannuwa), gudun kai-komo tsakanin duwatsu biyu, tsayuwa da ƙafa ɗaya, da sauransu. Sakan 30 aiki, sakan 30 hutu, zagaye biyu ya isa a farko, sau biyu ko uku a sati kuma kar ka yi kwana biyu a jere. Abin da za ka fara gani juriya ce, yaro ya daina haki da wuri, ƙafa ta yi ƙwari. Amma gudun mita 100 sai ka ware masa lokacinsa daban tun yaro yana da sauran ƙarfi, gajiyayyen yaro ba ya koyon sauri, wannan na sha gani da idona.

Nas_Hadiza:
Malam maganar hana tsayi ka kwantar wa uban da hankali, in da mai kula kuma da nauyin jikinsu suke yi ba matsala. Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa ta yi yara 'yan 5 zuwa 17 su samu motsa jiki na minti 60 a rana, da na ƙarfafa tsoka da ƙashi aƙalla kwana 3 a sati. Kuma kar ka sa rai ganin ƙwanji, yaron da bai balaga ba ƙarfinsa yana ƙaruwa ne saboda jijiyoyi sun koyi sarrafa tsokar. Ni abin da ya fi damuna zafi ne, don Allah da sassafe ko bayan la'asar, da ruwa a kusa, kuma a tambayi masu asma da masu sikila tun kafin a fara. Yaran da yawa ba sa karya kumallo suke fitowa.

Malamin_wasanni:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Tsallen kwaɗo fa Koci, in sa shi cikin tashoshin?

Koci_Kano:
A'a bar shi Malam, yana cin gwiwa, kuma yaran sun san shi a matsayin horo, kana sa shi za su tsani tirenin ɗin gaba ɗaya. Tsallen igiya ya wadatar, igiyar shanya ma ta yi.