Neman shawara kan sunan Aldara

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina zaune a Vigo, a yankin Galishiya na ƙasar Sifaniya, kuma matata 'yar yankin ce. Allah ya ba mu 'ya mace, surukata kuma ta roƙi a sa wa jaririyar sunan tata kakar, Aldara. Na ɗauka Larabci ne saboda "Al" ɗin da ke farkonsa, amma ba na son in sa wa 'yata sunan da ban san ma'anarsa ba. Don Allah, mai masaniya ya taimaka.

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya, ya ɗayyaba. Wannan "Al" ɗin ba na Larabci ba ne. Tsohuwar sigar sunan ita ce Ilduara, daga harsunan kabilun Jamus na dā, irin su Suwebi da suka shigo ƙasar a shekarar 409, suka kafa masarauta a Galishiya har zuwa 585. Kashi na farko, "hild", yana nufin yaƙi, na biyun kuma ana fassara shi da kariya ko taka-tsantsan. Wadda ta fi shahara da shi ita ce Ilduara Eriz, mahaifiyar Rosendo, limamin cocin da ya kafa gidan zuhudu na Celanova a 936.

Amsa ta biyu: Ƙari kan bayanin Yaya, a tsaunukan Ancares na lardin Lugo akwai tatsuniyar wata Aldara da ta rikiɗe ta zama farar barewa, har ɗan'uwanta ya harbe ta bai sani ba. Tatsuniya ce kawai, kada ta dame ka. Amma ka fahimci surukarka: dokar rajista ta 1957 ta tilasta rubuta sunaye da Sifaniyanci, sai a 1977 aka ba da damar sunayen harsunan yankuna, shi ya sa dattawansu ke riƙe irin wannan suna da muhimmanci.

Amsa ta uku: A ganina ma'anar ba ta ƙunshi bautar wani abu ba, amma ka tuntuɓi malami kafin ranar suna. Dokar Sifaniya ta yarda da sunaye biyu a rajista, don haka ka raɗa mata Maryam ko Fatima, sannan Aldara ya biyo baya, kakarta ta wajen uwa ta kira ta da shi.