Madobiya da giwa: wa ya fi kusa da ƙarewa?

Malamin Daji: Jama'a, tun 2018 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa itacen madobiya a jerin halittun da ke cikin haɗarin ƙarewa, matakin da giwar sarari ta hau a 2021. Tunda matakinsu ɗaya, kuɗin da ake narkarwa kan giwa ya kamata a raba daidai da itacen nan.

Likita: Haba Malam, mataki ɗaya ai ba ciwo ɗaya ba ne. Giwa wata 22 take goyon ciki, ta haifi ɗa guda, sai bayan shekara huɗu ko biyar ta sake. In aka harbe uwar garke, an kashe wadda ta san inda ruwa yake da rani. Madobiya kuwa ka sare ta, kututture ya yi toho.

Malamin Daji: Hajiya, tohon da dabbobi ke kalmashewa kafin ya kai gwiwa? Dangin wake ce, ganyenta abin so ne ga shanu, wanda ya tsira kuma gobarar ƙarshen rani ta lashe shi. Ga masu zarto ba sa taɓa karkatacciya, sai miƙaƙƙiya mai kauri, ita ce kuma uwar iri. Jan cikin nan da ake kai wa Sin don kujeru, sai itace ya shekara gommai yake yin sa.

Jami'in Kwastan: A takarda giwa ta fi gata. CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji da tsirrai, ta hana cinikin haure tsakanin ƙasashe a 1989. Madobiya sai Janairun 2017 ta shiga rukuni na biyu na yarjejeniyar, wato a fitar amma da lasisi, kafin a tsayar da fitar da ita daga Afirka ta Yamma a 2022. Sai dai in an feƙe gungume an cusa a kwantena da sunan wani itace, ba kowane jami'i ke gane shi ba.

Likita: Na yarda. Amma Malam, killace eka guda, ka bar toho ɗaya ko biyu a kowane kututture, ka share hanyar wuta tun kaka, madobiya za ta dawo. Giwa fa? Hanyar kiwonta ta ratsa gonaki, wani lokaci har iyakar ƙasa. A wace eka za ka ɗaure ta?

Malamin Daji: To a ba ni kuɗin wayar shingen, mu gani.